Tagar awo da rangwamen haraji: abin da ɗan talla bai faɗa wa kawuna ba

Wata ranar Asabar a watan Satumbar 2025, ina zaune a ɗaki ina fama da aikin da malami ya ɗora mana, sai ga kiran bidiyo daga kawuna da ke zaune a Shikago, ƙasar Amurka. Muka gaisa, ya tambayi karatu, ya tambayi Hajiya, sannan ya ce, "To ɗan jarida, yau ga aiki na kawo maka." Tun da na shiga sashen koyon aikin jarida ya daina kirana da sunana.

Ya juya kyamara ya nuna min tagogin gidansa. Gidan tsohon ginin jan bulo ne, irin waɗanda aka yi ta ginawa a Shikago tun kafin yaƙin duniya na biyu, kuma ya saye shi ne da bashin banki bayan shekaru yana haya. Tagogin na katako ne, fenti ya yi ta hawa kan fenti, wata ma ba ta rufuwa sai an danna da kafaɗa. Ya ce in hunturu ya kama, iska har fito take yi ta gefe, matarsa ta yi ta cusa tsumma da tawul a ƙasan kowace taga, na'urar ɗumama gida kuwa ba ta hutawa, takardar kuɗin gas ta zo a ƙarshen wata mutum ya riƙe baki.

Abin da ya faru shi ne, wani ɗan tallan kamfanin tagogi ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya auna tagogi goma, ya ce girmansu ba irin na kanti ba ne, sai an ƙera su da awo. Ya yanka masa dala 15,000 har da kuɗin aiki, ya ƙara da cewa kada ya damu, gwamnati za ta mayar masa da kashi 30 cikin ɗari a matsayin rangwamen haraji. Kawu ya buga lissafi ya ga dala 4,500, ransa ya yi fari. Washegari kuma wani maƙwabcinsa ya ce masa ai tagar awo ba ta shiga wannan rangwame, sai ta kanti. Shi ne ya kira ni: "Ka duba min, wa ya fi gaskiya a cikinsu?"

Bari in faɗi gaskiya tun yanzu, ina da buƙata a cikin maganar. Kawun nan shi ne ke biyan kuɗin rajistata. Duk dalar da ta shige aljihun mai taga, daga wani wuri aka zare ta, kuma na san ko ina ne wurin. Don haka na karanta dokar nan da natsuwar da ban taɓa ba wa littafin kwas ba.

Amsar da na samu ita ce, maƙwabcin ya yi kuskure, ɗan tallan kuma ya faɗi rabin gaskiya ya haɗiye rabi. Rabin da ya haɗiye shi ne mai tsadar.

Mu a nan tambayar ma kanta baƙuwa ce, domin kusan kowace taga ta awo ce. Ka kira mai walda ko mai almuniyam, ya zo da tef ya auna, bayan sati ya kawo. A can ba haka ba ne. Akwai girma da aka saba da shi, kana shiga babban kantin kayan gini ka ɗauko kamar yadda ake ɗaukar riga a rataye. Wanda gidansa ya tsufa ko ramin tagarsa ya saɓa, sai ya ba da awo masana'anta ta ƙera masa, kamar ɗinkin tela. Shi ya sa mutane da yawa suke zaton ta awo wata aba ce daban a idon hukumar haraji.

Dokar kuwa ba ruwanta da tsawo ko faɗi. Sashe na 25C na dokar harajin Amurka, kamar yadda aka faɗaɗa shi a dokar rage hauhawar farashi da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a watan Agustan 2022, abu ɗaya yake tambaya game da taga: shin ta cika sharuɗɗan matakin da ake kira Energy Star Most Efficient? Energy Star shiri ne na gwamnatin Amurka da ke ba kayayyaki shaidar tsimin makamashi, kuma a nan ne mutane da yawa suke zamewa. Akwai shaidar Energy Star ta gama-gari, akwai kuma wannan mataki na sama. Daga 2023 zuwa ƙarshen 2025 na saman kawai aka karɓa a kan taga. Ɗan talla zai iya nuna maka tambarin shuɗi mai tauraro, bai yi ƙarya ba, amma tagar ba ta kai ba.

To yaya ake gane ta kai? Kowace taga da aka gwada tana zuwa da sitika a jikin gilashi daga wata cibiya mai zaman kanta da ake kira NFRC. A jikin sitikar akwai lambobi, biyu daga ciki su ne abin dubawa. Ta farko, ma'aunin U, tana nuna yawan ɗumin da ke zurarewa ta tagar, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar gwargwadon kyawun tagar. Ta biyu tana nuna yawan zafin rana da gilashin ke bari ya shigo. An raba ƙasar shiyya-shiyya, domin bukatar mutumin Florida da rana ke gasawa daban take da ta mutumin Shikago da ƙanƙara ke rufewa. A shiyyar arewa mai sanyi, sai ma'aunin U ya zama 0.20 ko ƙasa da haka. A aikace, yawanci sai taga mai gilashi hawa uku ce ke kaiwa nan, wadda aka ɗura wa iskar agon a tsakanin gilasan, aka kuma shafa musu wani siririn sinadari mai mayar da ɗumi cikin ɗaki.

Ga inda maganar awo ta warware. Cibiyar nan samfuri take gwadawa a wani tsayayyen girma, ta ba wannan samfurin maki. Idan masana'anta ta ɗauki firam iri ɗaya da gilashi iri ɗaya ta yanka maka daidai ramin bangonka, makin yana nan. Amma idan wani kafinta ne na unguwa ya ƙera maka da hannunsa, komai kyawunta, ba sitika, ba shaida, ba rangwame. Haka nan idan ka ce a canja maka irin gilashin don a rage kuɗi, makin zai iya canjawa ba ka sani ba. Ashe ke nan tambayar da ya kamata kawu ya yi wa ɗan tallan ita ce, "Nuna min lambobin ainihin tagar da za ka sa min," ba wai ta awo ce ko ta kanti ba.

Sai mu zo kan kashi 30 ɗin. Gaskiya ne doka ta ce kashi 30. Amma a gaba kaɗan ta sa iyaka: dala 600 a shekara a kan dukkan tagogi, ko guda ɗaya ka sa ko ashirin. Ma'ana da zarar ka sayi tagogin dala 2,000 ka kai ƙarshen abin da za a ba ka. Duk abin da ya hau sama, aljihunka ne kaɗai. Dala 600 a cikin 15,000 kashi 4 ke nan cikin ɗari. Kawu yana ta yi wa rogo kallon kitse.

Da na faɗa masa sai ya yi shiru, har na zaci netwok ne ya ɗauke. Can ya ce, "Ɗari shida? Ba dubu huɗu ba?" Na ce, "Kawu, wallahi ɗari shida, kuma da sauran magana."

Sauran maganar ita ce, kuɗin aiki ba ya cikin lissafi. A kan taga da ƙofa da kayan tare sanyi, kuɗin kayan kawai ake ƙirgawa, ban da ladan masu sakawa. A tsohon gida irin na kawu ladan nan ba ƙarami ba ne, domin duk gidan da aka gina kafin 1978 ana zaton akwai fenti mai gubar dalma a jikinsa, kuma doka ta tilasta wa ɗan kwangila ya bi wasu ƙa'idoji kafin ya ɓamɓare tsohon firam. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Saboda haka dole rasit ya raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. In aka dunƙule su wuri ɗaya, ranar cike fom za a yi ta kame-kame.

Sannan rangwamen ba kyautar kuɗi ba ce da za a turo maka a asusu. Daga harajin da gwamnati ke bin ka a wannan shekarar ake ragewa. Idan harajinka dala 200 ne, 200 za ka samu, sauran 400 sun bi ruwa, ba a ajiye maka su zuwa baɗi. Idan samunka kaɗan ne har ba a bin ka komai, to ba ka da komai. Kuma gidan dole ya zama naka ne, a Amurka yake, shi ne ainihin mazauninka, ba sabon gini ba, ba kuma wanda ka ba da haya ba.

A 2025 aka ƙara wani sharaɗi: masana'antar da ta ƙera tagar sai ta yi rajista da hukumar tara haraji ta IRS, ta karɓi wata lamba, kai kuma ka rubuta lambar a fom mai lamba 5695. Kamfani ƙarami da bai yi rajista ba, ko tagarsa ta fi ta kowa riƙe ɗumi, mai sayenta ya tashi a tutar babu.

Duk wannan ba a ɓoye yake ba. Yana nan a shafin hukumar, kowa zai iya karantawa. Abin da ya tsaya min a rai a matsayina na mai koyon aikin sadarwa shi ne yadda ake yaudarar mutum ba tare da an yi masa ƙarya ko ɗaya ba. A aji an koya mana cewa abin da aka bari a waje yakan fi abin da aka faɗa tasiri, ni kuwa na ɗauka maganar jarrabawa ce kawai. Sai ga shi a falon kawuna. "Kashi 30" gaskiya ne. "Tagoginmu na da shaidar Energy Star" mai yiwuwa gaskiya ne. "Gwamnati za ta taimaka maka" shi ma da ƙamshin gaskiya. Ka jera su a gaban mutumin da ya dawo daga aikin dare idonsa na lumshewa, shi da kansa zai ƙarasa ƙaryar a cikin kansa, ya sa hannu. In magana ta tashi daga baya, ɗan talla ya ce shi bai taɓa ambatar dubu huɗu ba. Kuma bai ambata ɗin ba.

Akwai wuri ɗaya da awo yake iya cutar da mutum da gaske, wato lokaci. Asali an tsara rangwamen ya kai har ƙarshen 2032, kuma da yake iyakar ta shekara-shekara ce, mai dabara zai iya canja tagogi biyu ko uku bana, wasu baɗi, yana karɓar dala 600 kowace shekara. Babu ɗan tallan da zai ba ka wannan shawara, shi so yake ka saye duka yau. To, a ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a babbar dokar haraji da kasafi ta jam'iyyarsa, ta yanke wa'adin ya dawo 31 ga Disamban 2025. Kuma ba ranar da ka biya kuɗi ake dubawa ba, ranar da aka gama saka tagar a bango ake dubawa. Tagar kanti yau ka saya gobe a saka. Ta awo sai an jira masana'anta makonni. Duk wanda ya ba da awo a Nuwamba aka zo saka masa a Janairu, ya biya kuɗin gilashi hawa uku saboda rangwamen da ba zai taɓa gani ba.

Ra'ayina a kan lamarin gaba ɗaya shi ne, bai kamata mutum ya sayi taga saboda rangwamen haraji ba, ko a lokacin da rangwamen ke raye. Tazarar farashi tsakanin taga mai gilashi biyu mai kyau da mai gilashi uku, in ka ninka ta sau goma, za ta iya cinye dala 600 ɗin ta nemi ƙari. Garin neman gira sai a rasa ido. Idan tagar ta ruɓe, ko ruwa na shiga, ko yara na kwana da tari, a canja ta, wannan dalili ne mai zaman kansa. Rangwamen ya zama tukuici in ya samu.

Na san za a ce min ai taga ba abin wasa ba ce, kuma na yarda. Ma'aikatar makamashi ta Amurka da kanta ta ce ɗumin da ke fita da zafin da ke shiga ta tagogi su ne ke cin kashi 25 zuwa 30 na makamashin da ake ƙonawa wajen ɗumama gida da sanyaya shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai akwai hanyoyi masu araha da ake fara bi kafin a kai ga cire taga ɗungurungum: a toshe kafofin iska da roba da danƙo, a ƙara taga ta biyu a bayan tsohuwar, a shimfiɗa abin tare sanyi a saman silin. Abin dariyar ma, dokar ta fi sakin hannu a nan. Kafin rangwamen ya ƙare a ƙarshen 2025, kayan tare sanyi da toshe iska suna iya cin har dala 1,200 na rangwame a shekara, wanda shi ne jimillar iyakar irin waɗannan gyare-gyare, kuma akwai dala 150 ga wanda ya kira ƙwararre ya binciki gidan ya gaya masa ta ina ɗumi ke gudu. Amma mai sayar da taga ne ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba mai binciken ba.

Game da soke rangwamen kuwa, zuciyata biyu ce. Ta wani ɓangaren, tsarin tun asali na masu hali ne. Sai kana da gida, sai kana da dubban dalolin da za ka fara zubawa, sai kuma samunka ya kai a bi ka haraji. Ɗan haya, wanda shi ne ke biyan kuɗin gas a gidan da iska ke ratsawa, ba shi da rabo a maganar taga, mai gidan haya kuma ba a ba shi ba balle ya gyara. Yawancin 'yan uwanmu da suka je can ba da jimawa ba a wannan sahu suke. Ta ɗaya ɓangaren, alƙaluman ma'aikatar kuɗin ƙasar sun nuna iyalai kusan miliyan 2.3 sun karɓi wannan rangwame a shekarar haraji ta 2023, sama da dala biliyan 2. Mutane sun yi amfani da shi ke nan. Kuma sharaɗin nan mai tsauri yana tura masana'antu su ƙera taga mai inganci, domin ba wanda ke son a ce kayansa ba su kai ba. Ni da an tambaye ni, gyara zan ce a yi, a sa ɗan haya da mai ƙaramin samu a ciki. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a ce wa mutane kuna da lokaci har 2032, su yi tsari a kai, sannan a wayi gari a ce saura wata shida. Na ɗauka mu kaɗai muka iya wannan.

Kada wani ya ce me ya dame mu da tagar Amurka. Tun daga watan Janairun 2026 sabuwar dokar haraji ta fara aiki a Najeriya, kuma a cikinta akwai sauƙin da aka yi wa masu biyan kuɗin haya, kashi 20 na hayar shekara. Na ji abokai a makaranta suna murna wai gwamnati za ta mayar wa mutane kashi 20 na hayarsu. Ita ma tana da iyaka, naira 500,000, kuma daga kuɗin shigar da za a yanka wa haraji ake cirewa, ba a hannu ake damƙa wa kowa ba. Salon karatun ɗaya ne da na kawu: kunne ya kama kason, ya saki iyakar.

Kawu dai bai bi shawarata duka ba. Ni na ce ya toshe kafofi ya bar tagogin zuwa wata shekara, shi kuma ya ce ɗakin yara ba zai ƙara ganin wani hunturu a haka ba, kuma ban iya musa masa ba. Ya sallami kamfanin farko, ya samu wani, ya ce su rubuta masa lambobin sitika da lambar rajistarsu a takarda kafin ya ba da ko sisi. Tagogi uku ya canja, biyu a ɗakin yara, ɗaya a falo ɓangaren da iska ta fi bugowa. Sauran bakwai shi da babban ɗansa suka bi su da roba da danƙo a ranar hutu. Ya ba da awo a farkon Oktoba, aka ce sati shida, sai da aka shiga Disamba kafin motar ta iso. A makonnin nan kullum sai ya turo min saƙon murya yana faɗa, kamar ni ne masana'antar.

Ranar da aka saka su na ce ya ɗauki hoton sitikar kowace taga kafin a ɓare, ya haɗa da rasit da takardar shaidar masana'anta ya adana, domin ba a tura su tare da fom amma hukuma na iya nema daga baya. Ashe autarsa ta riga ta ɓare ɗaya ta liƙa a bangon littafinta na makaranta. Sai da aka lallashe ta da alewa kafin ta yarda a ɗauki hoton littafin. An ba shi har 15 ga Afrilun 2026 ya miƙa takardun harajin 2025, dala 600 ɗin na ciki. Kuɗin rajistata sun makara da sati uku, amma sun zo.